Karatun Bayan Zana

Shekarar da aka kawo ajin yaƙi da jahilci ƙauyenmu, na ba arba'in baya. Ƙauyen yana bakin fadama tsakanin Wurno da Goronyo, sana'ata kuwa ita ce ta kowa a nan: gero da dawa da damina, albasa da rani. Zamanin Turawa ne, ana ta cewa mulki ya kusa dawowa hannun 'yan ƙasa, hukuma ta matsa kowane gari ya buɗe aji manya su koyi boko. Mai gari ya sa aka kafa rumfa a gindin tsamiyar bakin kasuwa, aka jingina baƙin allo babba, aka kawo ƙananan alluna da alli da littattafai cikin akwati. Saura malami. Duk garin mutum ɗaya ne ya gama elementare a Wurno, shi ne mijin babbar 'yata.

Shekara uku ke nan da auren a lokacin, amma da za a ce in kwatanta fuskar yaron nan sai na yi dogon tunani. Tsakiyar hularsa na sani. In ya hango ni a hanya, ko dai ya ratse cikin gona, ko ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa kiran sunana ba, kuma duk abin da na faɗa daidai ne. Na taɓa ce masa za a yi ruwa, ranar ko gajimare ɗaya babu a sama, ya ce, "Ga alama, Baba." Ban ga laifinsa ba. Haka na yi wa nawa surukin har ya koma ga Allah.

Ni kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. In na kai albasa kasuwar Goronyo nakan tarar an manna takarda a bango, mutum ɗaya yana karantawa, mu muna miƙa wuya. Wata rana na tsaya ni kaɗai gaban irin takardar nan, jakina yana gefena, sai na lura ni da shi abu ɗaya muke gani. Na yi makarantar allo ina yaro, na sami abin yin salla, amma baƙin boko ko ɗaya ban sani ba. Saboda haka da aka yi shelar aji, na ce wa maiɗakina za ni.

Ta ce, "Ka manta wa anka ba ajin?"

Na ce, "Ban manta ba. Ni wurin allo za ni, ba wurinai ba."

Ta ce, "To. Allon za shi yi maka bayani ke nan."

Ranar farko bayan la'asar muka taru, mu kusan ashirin. Na shimfiɗa tabarmata kusa da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Ubansa Bafillace ne, shi ma shanu yake bi, da rani yakan sauko da su fadamarmu. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba mu tsokani juna ba. Yana ce mini mai warin albasa, ina ce masa mai bin wutsiya.

Can sai ga malam ya taho cikin farar riga, fensir soke a hula, yana tafiya irin ta wanda hukuma ta ba aiki. Yana shigowa rumfa idonsa ya faɗa kaina. Nan take ya tuɓe takalmi ya durƙusa, alli a hannu. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi fadama, ya sake tambayar gida. Na ce, "Tashi ka yi aikinka." Ya ce, "To, Baba," bai tashi ba. Yaya za a yi ya tsaya a kan surukinsa, ni ina zaune a ƙasa? Da durƙuso ya ja jiki har gaban allo, kuma a durƙushe ya yi darasin ranar. Iyakar inda hannunsa ya kai nan ya yi rubutu, wato ƙasan allon, sama kuwa ta zauna baƙa ƙirin. Muryarsa ma ya sauke ta, kamar mai gaida mara lafiya. Na baya suka ce ba su gani, ba su ji. Da ya zo kiran sunaye ya kai kan nawa, sai ya yi tari ya ce, "Baba ya zo." Jama'a suka ce, "Ya zo."

Na ɗauka abin na kwana biyu ne. Aka yi mako, aka yi wata, malam yana durƙushe.

Ni dai a lokacin ban damu ba, domin a ganina babu wanda ya kai ni ƙoƙari a ajin. In malam ya ba da aiki, yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba alluna. In ya iso kaina sai ya kau da fuska wajen tsamiya ya ce, "Madalla, Baba." Yana matsawa kan taubashina kuwa sai murya ta ɗan fito. Shi ma suruki ne ta wani gefen, amma na nesa, kuma tun ranar farko ya gaya wa yaron in ya ƙara durƙusa masa zai hau bayansa. Don haka shi ana iya yi masa gyara, kuma kullum gyaran ɗaya ne.

"Kawu, boko ba irin allo ba na. Daga hagu aka farawa. Daga hagu, Kawu, a tahi dama."

Taubashina ya dubi allonsa, ya dube ni, ya ce, "To, malam."

Ni kuwa in sunkuya in raɗa masa, "Kan da ya saba da nono ba ya ɗaukar boko. Koma ruga."

A gida ma ban yi shiru ba. Na gaya wa maiɗakina cewa wata guda cur ba a taɓa goge mini ko baƙi ɗaya ba. In malam ya karanta shafi a aji, kunnena yakan ɗauke shi kamar yadda muke yi a makarantar allo, in dawo gida in buɗe littafin in zuba mata shi tiryan-tiryan, yatsana yana yawo a kan takarda. Ta ce lalle an yi sa'ar malami.

Wata safiya ina jan ruwa da jigo ina ba albasa, sai ga taubashina ya kawo shanu shan ruwa. Ya zauna kan kunya, ya zaro littafinsa daga aljihu, ya buɗe can wajen ƙarshe, inda malam bai kai mu ba. Ya sa yatsa ya fara haɗa baƙaƙe, yana tuntuɓe yana tashi, har ya fitar da layi guda mai ma'ana. Sannan ya miƙo mini.

"Gwanin aji, karanta muna na ƙasanai."

Na goge hannu na karɓa. Na aza yatsa a gefen dama, inda duk wani karatun kirki da na sani yake farawa. Baƙaƙen na gane wasunsu, amma suka ƙi haɗuwa su zama magana. Na ce rana ce ke haske mini ido. Na juya baya ga rana, ba abin da ya sake.

Ya ce, "Wata guda ke nan ina shan faɗan da ba nawa ba. Ni tun ran farko daga hagu nike farawa. Ka taɓa ganin yaron ga ya kalli allona? Naka yaka satar kallo, shi zo shi sauke faɗan a kaina, ko Allah ya sa kunnenka shi tsinta."

Na tsaya, ruwa yana zuba daga guga a kan ƙafata. Na ce, "Mi ya hana ka gaya mini?"

"Daɗin ganinka nike ji kana hura hanci. Kuma ban yi hasara ba. Karatu biyu nike yi, nawa da naka."

A makon nan ne oganeza, wato jami'in da ke zagaya ajujuwa yana dubawa, ya zo a kan keke. Ya tarar mu ashirin mun koma tara, sauran sun gaji da miƙa wuya sun koma fadama. Ya tarar da malam a durƙushe, ya tambaye shi ko ciwon gwiwa gare shi. Malam ya ce a'a. Oganeza ya dubi saman allo da ba a taɓa sa wa alli ba, ya ce zai dawo kafin ruwan farko ya yi jarrabawa, in bai sami masu karatu ba zai sa a ɗauke allo da akwati a kai garin da ke so.

Washegari maiɗakina ta kawo mini fura ta zauna, abin da ba ta saba ba. 'Yata ce ta aiko ta, domin ita 'yar fari ce, ni da ita ma ba mu doguwar magana.

Ta ce, "Yaron nan ya rame. Ba shi iya ce maka ka tahi, ba shi iya koyarwa kana zaune. In anka rufe ajin ga, da wane ido za shi dubi gari? Ka bar musu abinsu."

Na bar musu. Mako guda ban je ba. Daga gonata ina jiyo muryar malam har bakin fadama, ashe murya gare shi kamar ta mai shela. Aka ce ya miƙe tsaye, ya cika allo tun daga sama, waɗanda suka gudu sun fara dawowa. Na yi murna, kuma na ji zafi. In na koma, aji ya mutu. In na zauna, ni da jakina muna nan yadda muke. Na yi ta juya abin ina ban ruwa. Mai noman albasa ba ya gaggawa, fangali ɗaya, wato gurbin shuka guda, yake cikawa da ruwa kafin ya buɗe wa na gaba, don haka ban yanke komai ba, na dai ci gaba da tunani.

Ina da wata zana da nake kare irin albasa da ita saboda awaki. Ranar nan na tsuguna a bayanta ina ɗaure inda ta kwance, sai na ji tafiya a kan hanya. Na leƙa ta tsakanin saƙar, sai ga surukina. Takalmi a ƙafa, kai a sama, yana tafe yana 'yar waƙarsa. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai, ashe har wushirya gare shi. Ga jakina a ɗaure a bakin hanya, ga rigata a rataye, ya san ina kusa. Amma tun da bai gan ni ba, babu abin da ya wajaba a kansa, ya wuce abinsa. Na bi shi da kallo har ya ɓace, sannan na kwance zanar gaba ɗaya na naɗe ta. Awaki suka ci rabonsu a ranar.

Kafin la'asar na riga kowa zuwa rumfa. Na kafa itace biyu a gefe, na ɗaura zana, na huda 'yar ƙofa da yatsa daidai inda zan hango allo, na shimfiɗa tabarma a baya na zauna. Takalmina na bari a waje.

Taubashina ne ya fara isowa. Ya tsaya ya dubi zana, ya dubi takalmi.

"Salamu alaikum, masu gida. Amarya anka kawo muna aji?"

Na ce, "Wuce ka zauna."

"Wa ya sa ki kulle, baiwar Allah? Ki hwaɗa mini in kai ƙara. Muryarki kuwa kamar ta wani mai albasa da na sani."

Kowa ya zo sai ya tofa tasa. Wani ya ce a kawo lalle, wani ya ce shi zai riƙa yi mini cefane. Na ƙyale su. Da malam ya iso, ta hudar nan na ga ya tsaya cik. Ya dubi takalmina. Gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa, hannunsa ya nufi nasa takalmin. Ya dubi zana, bai ga kowa ba. A hankali ya miƙe, ya gyara hula, ya je ya ɗora alli a can saman allo.

Da aka ba da aiki na rubuta nawa, na turo allon ta ƙarƙashin zana. Na ji takunsa ya iso, ya tsaya. Ya ɗauki allon ya duba. Sannan ya yi gyaran murya.

"Wanga allo na bayan zana, daga dama ya faro. Allon shi koma hagu."

Na ce, "Allon ya ji."

Ya goge shi tas ya turo mini. Wata guda na aikina ya tafi da shafa ɗaya ta tsumma. Sau huɗu allon yana fita yana dawowa a goge a ranar. Ban taɓa sanin yaron nan yana da tsanani haka ba. Taubashina kuwa ya miƙe ƙafa ya ce yau ya san daɗin boko.

Daga nan karatu ya fara shiga, ba da sauri ba. Hannuna ya shekara talatin da sanin hanya ɗaya, kullum sai ya nemi komawa. Na riƙa ɗaura zare a babban yatsana na hagu don in tuna. Tun da na koma bayan zana malam bai taɓa yi mini magana ba, da allo yake yi. "Allon ya tsallake layi." "Allon hadda yaka yi, ba karatu ba, shi sake." Wani lokaci, ba kullum ba, "Allon ya yi ƙoƙari yau." Wannan kalma ɗaya ta fi mini madallar wata guda.

Ana nan wata rana na zo na tarar da wani takalmi a bakin zana, ba nawa ba. Na leƙa, sai ga tsohon maƙerin garinmu a kan tabarmata. 'Ya'yansa biyu suna cikin ajin, ya daɗe yana so, amma ba zai zauna su ga ana goge masa allo ba. Ya ce, "Matsa mini, kuma ba ka gan ni ba." Na ce ban gan shi ba. Bayan kwana kaɗan wan mai gari ya zo, sannan ladan. Sai da na ƙaro zana ta biyu. Ba wanda ya kafa doka, amma kowa ya bi ta: ba a san waɗanda ke bayan zana ba. Takalma huɗu suna jere a waje, duk garin an san na kowa, 'ya'yan maƙeri ma su suka kai nasa wajen baduku aka yi masa gyara, amma in an tashi sai su tsaya kallon tsamiya har mu watse. Malam kuwa ya raɗa wa allunanmu suna: allon farko, allo na biyu, allo mai tsaga, allo mai tari.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da oganeza ya dawo. Ya jingine keke, ya ƙirga mutane, ya ga sun fi na da, ya ga allo cike har sama, ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna zana.

"Wannan fa? Mata ne?"

Taubashina ya ce, "Kusan haka, ranka shi daɗe."

Oganeza baƙo ne, ba ɗan ƙasar nan ba, kuma yaro ne. Ya ce takardar shaida mutum ake ba, ba murya ba, dole ya ga mai karatu da idonsa. Aka naɗe zana. Ga mu mu huɗu a jere, furfura a fili, muna ƙifta ido kamar an buɗe akurki. 'Ya'yan maƙeri suka sunkuyar da kai. Na saci kallon surukina, na ga ya fara yin ƙasa. Amma oganeza ya riga ya rubuta layi uku a can saman allo, ya miƙa masa sanda ya ce ya tsaya ya riƙa nuna wa mai karatu. Daga durƙushe sanda ba ta kaiwa. Ya tsaya, gumi yana bin wuyansa, fuskarsa a wajen allo.

Ni aka fara kira. Na miƙe. Ban taɓa karatu ido yana kallona ba tun da na fara na gaskiya, ga baƙo, ga gari duka, ga mata masu tallar fura sun tsaya daga nesa. Na manta ban ɗaura zare ba. Idona ya gudu ya koma gidansa na da, ya sauka a ƙarshen layi ta dama. Na kama baƙin ƙarshe ina ja, ya ƙi zuwa. Na sake ja. Oganeza ya ɗaga fensir zai yi alama a takardarsa.

"A'a, Baba. Daga hagu."

Da muryar da yake yi wa allo ta fito, mai ƙarfi, har da buga sanda a farkon layi. Sai da ta fita ya ji abin da ya faɗa. Yana tsaye, takalmi a ƙafa, ya ce wa surukinsa a'a a gaban mai gari. Na san in na yi jinkiri kaɗan zai zube ƙasa, kuma ba zai ƙara tashi a ajin nan ba.

Na ce, "To, malam."

Daga baya taubashina ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai faɗa ya gane gidan mai shi."

Dariya ta ɓarke, har mai gari ya rufe baki da hannun riga. Oganeza bai gane abin da ake wa dariya ba, ya ce a yi shiru. Na mai da ido inda sanda take, na bi ta a hankali, baƙi bayan baƙi, har na kai ƙarshen layi na uku. Magana ce a kan tace ruwan sha. Ban taɓa jin ta a bakin kowa ba, daga allon na ɗauko ta.

Ba a ɗauke akwati ba. Ni da maƙeri da taubashina muna cikin waɗanda aka rubuta wa takardar shaida. Ladan da wan mai gari aka ce su ƙara rani ɗaya, suka ce dama ba su gaji ba. Da aka watse na biyo hanyar gida, sai na hango malam yana tafe daga ɗaya gefen. Yana ganina ya tuɓe takalmi, ya faɗa cikin wata gona da ko kara babu a cikinta, ya tsaya yana duban ƙasa kamar ya yar da allura. Na wuce ban gan shi ba.

Rani na gaba zana huɗu aka kafa, kuma ba ni na kawo su ba. Ni yanzu a fili nake zama in malam na garin gaba ya zo taimako, amma ranar da surukina ke koyarwa ina komawa wurina na da. Waɗannan takardu ma da na rubuta labarin nan a kai, jiya na tura su ta ƙarƙashin zana. Sun dawo da jan fensir a wuri goma sha ɗaya, da saƙo a ƙasa cewa takardar ta yi ƙoƙari, amma ta sake.